Jirgin da Bai Zo Ranar Uku Ba

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Surukina ya koma ranar Talata bayan azahar, a gidansa na unguwar Pumpumre, nan Garwa. Kwana huɗu ya kwanta. Kafin magariba mun kai shi.

An kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi. Mutane sun zo. Liman ya ce tun da ya karɓi masallacin unguwa bai taɓa riga surukina shiga sahun asuba ba. Masu gyaran moto, wato babur, na bakin kasuwa sun rufe rumfunansu suka zo a jere, farce duk baƙin mai, don rabinsu a hannunsa suka koyi riƙe sufana. Wani tsoho Kirista, mutumin duwatsun arewa da ya taɓa yi mana gadi a wurin aiki, ya zo yana dogara sanda. Bai iya addu'armu ba. Ya zauna a bakin tabarma, hawaye na zuba har la'asar.

Ni ina zagayawa da ruwan sha. Sai na ji wani baƙo ya sunkuya yana tambayar na kusa da shi.

"Wannan ba shi ne na jirgin nan ba? Wanda ya yi sanadin mai farmasi?"

"Shi ne. Allah dai Ya yafe masa."

"Amin."

Suka shafa. Na ajiye kwanon ruwan na shige gida.

Ga wanda bai sani ba, a gefen filin jirgin Garwa akwai wata rumfar kwano da ɗaki ɗaya da bishiyar darbejiya. Nan ne kulob ɗinmu. Mutane ne masu son tashi sama suka haɗu suka sayi ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya da kujera huɗu, suna karɓa-karɓa. Akwai likita, akwai lauya, akwai 'yan kasuwar auduga. Surukina yana cikin waɗanda suka kafa shi, kuma shi kaɗai ne talaka a cikinsu. Bakanike ne. Ya fara da wanke wa Turawa injin yana saurayi, ya kai har ya sami takardar tuƙi, ya zama shi ne mai sa hannu cewa jirgi ya isa tashi. Ni mai ganga ne. In zuba mai, in share rumfa, in riƙe makulli. Daga tashar motocin auduga ya ɗauko ni ina dako, ba uwa ba uba. Bayan shekara uku ya ba ni 'yarsa.

Kulob ɗin yana da al'ada. In ɗan kulob ya rasu, ranar sadakar uku da hantsi jirgi zai tashi, ya sauko ƙasa-ƙasa a saman gidan mamacin, ya karkata fiffike hagu, ya karkata dama, ya wuce. Gaisuwar ke nan. Surukina ne ya fara ta. An yi wa Musulmi, an yi wa Kirista, an yi wa wani da ya shekara biyu kawai a cikinmu.

Ranar uku surukata ta sa aka fitar mata da tabarma tsakar gida tun da safe. Mata suka ce, "Inna, rana za ta yi zafi, ki koma inuwa." Ta ce a ƙyale ta. Ta zauna da carbi tana kallon sama. Babban jirgin Yawunde ya wuce can nesa. Shirwa biyu suka wuce. Aka kira azahar. Ta naɗe tabarmar da hannunta ta shiga ɗaki.

Washegari na je kulob. Presidan yana ofis. Shi ne ɗan mai farmasin da ya mutu. Yana ɗan shekara bakwai abin ya faru. Yanzu babban mutum ne, matuƙi ne, shi 'yan kulob suka zaɓa ya shugabance su.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jirgi bai zo ba."

Ya ce, "Na aika da buhun shinkafa. Ba a kawo ba?"

"An kawo. Jirgi tsohuwar take jira."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. "Malam, na yi haƙuri da ganin mutumin nan a rumfar nan shekara da shekaru. Ban kore shi ba, ban zage shi ba. Amma ba zan sa jirgi ya gaishe da wanda ya mayar da ni maraya ba. In dai ina kan kujerar nan, ba za a yi ba."

Na ce to. Na fita na share rumfa, don abin da na iya ke nan.

Bari in faɗi ko wane ne surukin nan nawa.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya da haƙori. Kullum da kofin shayi na gilashi a aljihun gaban rigarsa, irin ƙaramin nan na masu atayi. Ba a taɓa shan shayi a cikinsa ba. A ƙarƙashin kowane fiffike akwai ɗan famfo. Kafin jirgi ya tashi, sai a tara kofin a tsiyayo mai kaɗan, a ɗaga shi sama a duba a haske. Man jirgi shuɗi-shuɗi ne. In akwai ruwa a ciki, zai kwanta a gindin kofin kamar ƙwayar idon kifi. Ruwa yana shiga tanki ta raɓa, yana shiga ta murfin ganga da damina. Injin ba ya shan ruwa. In ya kai masa, tsayawa yake.

Abin da ya fi faɗa wa sabon ɗan koyo shi ne, "Mota in ta yi tari sai ka sauka gefen hanya ka nemi mai shayi. Can sama wa za ka nema?" Sai ya miƙa masa kofin.

Ba ya son a ce masa "ai jiya an duba". Sai ya ce, "Jiya ka ci abinci. Yau fa?"

In ana gyaran injin, yakan shimfiɗa farin ƙyalle ya jera kowane noti a kai. In an gama aka ga noti ɗaya ya rage a kan ƙyallen, ko ana kiran sallar Juma'a sai an sake kwance wurin. Ranar Lahadi da yamma 'yan kulob sukan taru a gindin darbejiya, a gasa kifin Binuwai, a yi ta Faransanci da ƙaryar wanda ya fi iya sauka. Shi yana gefe a kan ganga yana ɓare gyaɗa. In ƙaryar ta yi yawa sai ya ce da Hausa, "Tayar dai ni na canza ta." Sai wurin ya fashe da dariya, mai ƙaryar ya nemi ruwa ya sha.

Tsohon mai gadin nan da ya zo yana kuka, ga dalilinsa. Ya yi shekara goma sha bai je gida ba, saboda wata rigimar gona da 'yan uwansa. Wata rana surukina ya same shi yana kallon arewa. Ya ce, "Kawu, cire takalmin nan ka hau." Mutumin ya hau yana kiran Yesu. Suka tafi har duwatsu, ya zagaya ƙauyen sau biyu. Da suka sauko, mai gadin ya riƙe ƙafar jirgin yana cewa, "Na ga rufin ɗakin uwata. An sake masa ciyawa. Ashe tana nan." Wata guda bayan haka ya nemi hutu ya tafi ya gan ta. Damina ba ta ƙare ba ta rasu. Surukina bai taɓa ba da labarin nan ba. Mai gadin ne ya ba ni.

Yanzu sai ranar haɗarin.

Da damina ce. An kwana ana ruwa, gari ya waye fes. Mai farmasi zai je Ngawundare ɗauko magani. Surukina ya zo da sassafe, ya buɗe injin ya duba, ya sa hannu a takarda. Sai aka aiko masa cewa maƙwabcinsa ya rasu. Ya ciro kofin daga aljihu ya ba ni. Ya ce, "Ka cika tanki biyu. Ka duba kowanne. Ruwan jiya ya yi yawa."

Na cika. Ina sauko da tiyo mai farmasi ya iso, mutum mai fara'a, da jakarsa a kafaɗa. Ya ce, "Kai ɗan ganga, ka taɓa hawa kuwa?"

Na ce ban taɓa ba.

"Shekara nawa kana ba shi abinci, bai taɓa ɗaukarka ba? Je ka sa riga mai kyau ka raka ni."

Na ajiye kofin a kan ganga na ruga bayan rumfa. Na wanke hannu, na sa rigar Juma'a da nake ajiyewa a can. Na dawo ya riga ya shiga. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ka duba man?"

Na ce, "Na duba."

Ban duba ba. Kofin yana kan ganga, ina ganinsa ta taga har muka bar ƙasa.

Na ga Binuwai ta cika ta yi ja. Na ga shanu kamar ƙwayar wake. Mai farmasi yana nuna mini abubuwa yana dariyar yadda na ƙanƙame kujera. Mun kusa Ngong ya miƙa hannu ya juya man zuwa tankin ɗaya fiffiken. Ba a daɗe ba injin ya yi tari. Ya sake tari. Sai shiru, iska kawai. Ya ce, "Riƙe da kyau," yana salati. Muka sauko a gonar auduga. Ƙasar ta jiƙe, taya ta nutse, jirgin ya kifa.

Manoma ne suka ja ni waje. Hannuna na hagu ya ƙone har kafaɗa, ƙafata ta karye wuri biyu, ita ce har yau ta fi ɗaya gajarta. Shi ba su iya fito da shi ba.

Kwana tara ban san inda nake ba. Da na farfaɗo a asibiti, masu bincike sun riga sun zo sun tafi. Sun sami ruwa a bututun mai. Sun tambayi wa ya duba. Surukina ya ce shi ne. Ya ce ya duba cikin gaggawa saboda jana'iza, bai ɗaga kofin a haske ba. Suka karɓe takardar tuƙinsa, suka hana shi sa hannu a kan kowane jirgi har abada. Jandarma suka riƙe shi wata biyu.

Da ya fito ya zo ya zauna a bakin gadona. Ya rame. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Na ga kofin a kan ganga. A bushe."

Na ce, "Baba, zan faɗa musu."

"Za ka rufe bakinka. 'Yata tana da ciki wata bakwai. Ni tsoho ne mai takarda, takarda suka karɓa. Kai ba ka da komai sai jikinka, jikin za su ɗauka."

Daga ranar bai sake tashi sama ba.

Kulob ya yi shekara biyu ba jirgi. Da suka sayi wani, suka kawo bakanike daga kudu. Kowa ya ɗauka surukina zai zauna a gida don kunya. Ranar da sabon jirgin ya sauka, yana gindin darbejiya da kofinsa a aljihu. Ba shi da muƙami, ba a biyansa. Wasu ba sa amsa gaisuwarsa. Ya ci gaba da zuwa kowace safiya a kan tsohon kekensa, har ƙafa ta gaza jikokinsa suka riƙa kawo shi a moto.

Abu ɗaya ya canza. Da can manya sukan tsaya a inuwa su ce wa irina, "Duba mini man." Bayan haɗarin ya ce an daina. Wanda zai tuƙa shi zai durƙusa ƙarƙashin fiffike, ya tsiyaya da hannunsa, ya duba da idonsa. Wani Alhaji ɗan kasuwar auduga ya zo da farar shadda mai aiki, ya ce shi ba zai durƙusa a cikin baƙin mai ba, me ake biyan ma'aikata. Surukina bai yi musu ba. Ya je ya zauna a ƙasa gaban farfela, ya tanƙwashe ƙafa.

Alhaji ya ce, "Tashi mana! Kai wa ya ba ka iko a nan? Kai da aka karɓe wa takarda?"

"Ba ni da iko, Alhaji. Zama kawai nake yi. Tada injin."

Rana ta take. Alhaji ya yi Faransanci, ya yi Fillanci, ya dawo Hausa. Ƙarshe ya tattare shaddar ya durƙusa. Ya ɗaga kofin. A gindinsa ga ruwa, kamar rabin cokali. Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Daga ranar ba a sake gardama a kan durƙuso ba, har aka rubuta shi a jikin bango cikin dokokin kulob.

Mun taɓa yin faɗa sau ɗaya, ni da shi. Lokacin ɗan mai farmasi ya girma ya dawo daga karatu, ya shiga kulob. Ya gaishe da kowa da hannu, ya wuce surukina kamar ganga. Kullum haka. Amma duk ranar da yaron zai tashi da jirgi, tsohon ba ya zama. Yana tsaye a bakin rumfa, hannu a goshi, har sai ya ga taya ta taɓa ƙasa. Na kasa jurewa. Na same shi a bayan rumfa na ce yau zan faɗa.

Ya ce, "Don wa?"

"Don kai, Baba. Dubi yadda yake maka."

"Ƙarya kake. Don kanka ne, ka gaji da ɗauka. To ɗauki. Ni ma nawa nake ɗauka."

"Kai me ka yi?"

"Ni na bar manya suna aiken wani ya duba musu. Na gani, na yi shiru don ina jin nauyinsu. Ni na ba ka kofin na tafi. Kai yaro ne da aka ce wa zo ka hau jirgi. Abin da na faɗa wa masu bincike rabinsa ƙarya ne, rabinsa gaskiya." Ya nuna ni da yatsa. "In ka buɗe baki ina da rai, ban yafe ba."

Damina guda ba mu yi magana ba sai ta aiki. "Miƙo sufana." "Ga ta." Ranar Sallah ya aiko mini da cinyar rago, shi ke nan aka wuce wurin.

To yanzu ba ya da rai.

Ranar biyar bayan la'asar na shiga gaishe da surukata. Tana kan darduma, mata sun fita. Na durƙusa. Ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Ka je wurinsu?"

"Na je, Inna. Presidan ya ƙi."

"Saboda ubansa."

"Eh."

Ta ja carbi ɗaya, biyu. "Ranar da ya dawo daga hannun jandarma, ya ajiye kofin nan a gabana ya faɗa mini komai. Shekara talatin ina zuba maka tuwo ban ce maka kanzil ba. Shi ya hana ka magana. Ni ban hana ka ba."

Ta miƙo mini kofin. A aljihun rigar da ya kwanta da ita ta same shi.

Ranar shida na koma ofis. Lauyar kulob tana ciki, mace ce, ita ma tana tuƙi. Ta tashi za ta fita, na ce ta zauna, ina son shaida. Na ajiye kofin a kan tebur. Na faɗa kamar yadda na faɗa a nan. Ban ƙara ba, ban rage ba. Bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba.

Presidan ya dubi kofin. Fanka tana juyawa. Can ya ce, "Babana ya tambaye ka?"

"Ya tambaya."

"Ka ce ka duba."

"Na ce."

"Shi bai sauko ya duba ba?"

"Bai sauko ba. A lokacin ba a saukowa."

Ya tashi ya tsaya a taga, ya ba ni baya. Daga nan ana ganin bakin rumfa, daidai inda tsohon yake tsayawa. Bai juyo ba ya yi magana.

"Shekara goma sha biyar ina wuce shi ban gaishe shi ba."

Ya juyo ya dube ni.

"Kai kuma kullum ina ba ka hannu."

"Haka ne."

"Gobe ka zo da sassafe. Fita."

Na zo. Ya riga ni. Mun turo jirgin waje mu biyu. Na cika tanki. Ya ɗauki kofin tsohon, ya durƙusa da wandonsa mai guga, ya tsiyaya na hagu ya ɗaga a haske. Ya zubar. Ya tsiyaya na dama ya ɗaga. Ya zubar. Ya goge kofin da bakin rigarsa ya sa a aljihu.

Ya ce, "Ajiye makullin a kan ganga. Ba zan kai ka gaban hukuma ba, amma ba na son in sake ganinka a nan. Je ka tsaya kusa da tsohuwar."

Na ajiye. Makullin ya fi shekara talatin a wuyana.

Na isa Pumpumre ana raba waina ta sadakar bakwai. Na ce wa matata a fitar wa Inna tabarma. Ta dube ni, ta fitar. Ba a jima ba muka ji shi daga wajen kogi. Na san muryar injin nan kamar tarin maƙwabci. Ya taho ƙasa-ƙasa har kaji suka watse. Maza suka fito daga rumfa, masu gyaran moto suka cire hula. Tsohon mai gadin ya ɗaga sandarsa sama. Jirgin ya karkata hagu, ya karkata dama. Ya wuce. Sai ya juyo ya sake yi, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba.

Surukata ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannu ɗaya, kamar yadda take masa in zai fita da keke. Ta ce, "To. A kai ni inuwa."

Ban yi makaranta ba. 'Yata ta fari ce take rubuta wannan ina faɗa mata, ita ce cikin nan na wata bakwai. Na ce ta rubuta ta ba duk wanda ya zauna a tabarmar makokin nan. Wanda ya sake jin an ce surukina ne ya yi sanadin mai farmasi, ya ce ba shi ba ne. Ya nuna musu gidana, yana bayan masallacin unguwa, ina zaune a ƙofa yanzu tun da ba ni da wurin zuwa da safe.

Allah Ya jiƙan mai farmasi, Ya ba ɗansa haƙuri da ni. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka masa kabari, Ya sauke masa rabin da ya ce nasa ne. Ɗaya rabin yana wurina.